Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sharhi Kan Hotunan Mambila Da Kangon Gashaka

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta shigo mana Taraba wadda iyayenmu ba su san ta ba. Za ka ga mutum shida ko takwas, daga Legas ko Abuja, wani sa'in har da Bature a cikinsu, sun sauka a filin jirgin sama na Danbaba Suntai, sun yi shatar mota, sun nufi Mambila. Ba saye ya kai su ba, ba sayarwa ba, ba su kuma da dangi a can. Hoto kawai suka je ɗauka. Su yi kwana biyar ko mako guda su juya. Bayan 'yan kwanaki sai hotunan su dawo mana ta Facebook da Instagram, yaranmu su kwasa su ɗora a WhatsApp, ƙarshen shekara kuma mu gan su a kalanda rataye a shagunan mai shayi da na mai aski. To, abin da ya shigo har ɗakinka, ai kana da ikon ka juya shi ka duba, kamar yadda mai sayen atamfa yake juya bayanta kafin ya taya.

Asalin wannan sana'a daga Turai take. A can akwai kamfanoni da aikinsu ke nan: su tara mutane kaɗan, daidai cikin mota ɗaya, su haɗa su da gwanin ɗaukar hoto, ya bi da su gaɓar teku mai duwatsu a Sikotlan ko Ayalan ko Girka ko Turkiyya, inda kangwayen mutanen da suke tsaye a bakin ruwa. Yana nuna musu inda za su kafa kyamara, da lokacin da haske zai yi daidai. Mu nan ba mu da teku. Muna da Binuwai, muna da tsauni, muna da kufai da kango. Sai aka ɗauko tsarin yadda yake aka dasa shi a hanyar Jalingo zuwa Gembu. Abin da nake so mu duba yau shi ne: da aka ɗauko tsarin, an haɗo har da idon da ake kallo da shi. Ido ne mai son ƙasa, marar son mutanen ƙasar.

Amma bari in fara da ba su haƙƙinsu, don ba a tauye mudu. Mutanen nan sun iya aikinsu. Suna tashi tun kafin kiran assalatu, cikin sanyin Nguroje da yake shiga ƙashi, su hau tudu da kaya a baya, su kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, su zauna jiran minti goma kacal da rana za ta leƙo gajimare yana kwance cikin kwari kamar an shimfiɗa auduga. In abin bai yi ba, gobe su koma. Wannan haƙuri ne, kuma duk ɗan kasuwa ya san darajar haƙuri. Sun san cewa hasken bayan fitowar rana da na gab da magariba shi ne mai taushi, na tsakar rana kuwa yana kashe launi. Sun san watan Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, shi ne lokacin da tsaunin yake kore shar, sama kuma garau.

Sun kuma yi mana wani amfani da ba za a yi musu ba. Da yawa cikin mutanen Najeriya ba su san Taraba ba sai in an ambaci rikici a rediyo. Yanzu akwai wanda in ka ce masa daga Jalingo kake, sai ya ce, "Kai, ƙasar nan mai kyau!" Mu kanmu, mutum nawa ne a unguwar nan aka haifa a nan, ya yi aure a nan, amma bai taɓa wuce Bali ba? Ta hoton nan ne yaronmu ya san cewa dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi mai mita 2,419, a jiharsa yake, kuma gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mai da na ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Gani ya kori ji. Wannan kam sai mu ce madalla.

To, ina matsalar? Ka tara hotunan nan guda ɗari ka jera, ka duba da kyau. Za ka tarar kusan hoto huɗu ne ake ta maimaitawa. Ga na gajimare a kwari da sassafe. Ga na hanya tana murɗewa a jikin dutse kamar maciji, an ɗauka daga sama da ɗan jirgin nan marar matuƙi. Ga na gonar shayi ta Kakara, layi-layi har iyakar gani. Ga na ruwa yana zubowa daga kan dutse, an bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci har ruwan ya koma fari sumul kamar an kwarara madara. Ƙungiya ta zo ta tafi, wata ta zo ta tsaya a daidai sawun ta farko. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya biya kuɗi ya ga hoton ne kafin ya taso, kuma irinsa yake so ya koma da shi. Mai jagora ba zai yi kasadar kai shi wani wuri ba. Sai aka wayi gari ana sayar wa mutum abin da ya riga ya gani.

Maimaici ba shi ne babban laifi ba. Babban laifin shi ne a cikin hotunan nan ba kowa. Ba manomi, ba makiyayi, ba ɗan makaranta, ba masallaci, ba coci, ba kasuwa. Kai ka ce jiya aka halicci wurin, yau aka gano shi. Kada kuma wani ya zaci dace ne. Aiki ake yi kafin a samu wannan wofin. Ana juya kyamara ta kauce wa rufin kwano. Ana jira mai babur ya wuce. In turken lantarki ko wata bukka ta ƙi kaucewa, a goge ta a kwamfuta, a ƙara wa ciyawa kore har ta fi yadda Allah Ya yi ta. Ni da nake hawa tsaunin nan sarin ganyen shayi da fiya da ayaba, na taɓa gani da idona a wata kasuwar gefen hanya an roƙi wata dattijuwa ta janye tirenta na gasasshiyar masara, wai yana ɓata hoto. Ta janye, don ita mai kunyar baƙo ce. Wurin da take zama kullum ke nan, amma a hoton da duniya za ta gani, ba ta taɓa wanzuwa ba.

Abin dariyar kuma, kusan duk abin da suke ɗauka suna cewa ga ƙasa yadda take tun fil'azal, aikin hannun mutum ne. Shayin Kakara ba tsirowa ya yi ba. A shekarun 1970 aka dasa shi, kuma har yau hannun mutane ne yake tsinkar ganyen ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa layin yake fitowa daidai kamar an yi masa aski. Dogayen itatuwan nan da suke yi wa tuddai kwalliya, waɗanda ake kira zaiti, asalinsu daga Ostareliya ne, shuka su aka yi saboda katako da itacen girki. Ita kanta shimfiɗaɗɗiyar ciyawar, kiwon shanu da ƙunar daji na shekara da shekaru suna cikin abin da ya riƙe ta a haka. Wanda yake son ya ga irin kurmin da yake fitowa a tsaunin in an ƙyale shi, ya je Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Ashe ke nan mai hoton yana yabon tuwo ne yana korar mai tuƙi daga madafa.

Mu ɗauki hoton hanyar nan, wanda ya fi kowane farin jini. Daga Mayo Selbe ake fara hawan, har a ɓulla Maisamari. Duk direban da ya san hanyar ya san sunan hawan: Biyu da Sisi. Tsofaffi suna faɗin cewa sunan ya samo asali ne daga ladan ɗan alaro, sule biyu da sisi, wanda ake biyansa ya hau da kaya a ka tun kafin mota ta iya hawa. Ku dubi wannan fa. Sunan wuri ya riƙe mana lissafin gumin mutum. Kuma da wane harshe aka raɗa shi? Da Hausa. Fataken Hausawa sun daɗe suna ratsa ƙasar nan, suna bin goro da hauren giwa ta Gashaka da Banyo tun kafin Bature ya zo ya ja iyaka. A ƙarƙashin hoton kuwa me ake rubutawa? Wata kalmar Turanci ta mamaki, da ɗan zanen zuciya. Hoton da aka ɗauka daga sama ya mai da hawan abin ado. Wanda ya taɓa zama cikin motar da birkinta ya yi zafi a gangaren nan yana ta salati ya san ba ado ba ne.

Mu gangaro kan kango, inda a ganina kuskuren ya fi muni. A kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka akwai ragowar sansanin Jamusawa. Masu hoto suna ƙaunarsa: duwatsu a jere, saiwa ta ratsa su, rana tana faɗuwa a baya. Hoton yana da kyau, ba ƙarya. Amma hoton bai gaya maka me ya kawo Bajamushe nan ba. Bai gaya maka cewa wannan yanki, har da Mambila, yana ƙarƙashin Kamaru ta Jamus ne, sai da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka gwabza a Banyo a Nuwamban 1915, Jamusawa suka rasa Kamaru gaba ɗaya a 1916, yankin ya koma riƙon Ingila. Bai gaya maka cewa sai da mutanen wurin suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 sannan suka shigo Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna ba. Wato kakannin maƙwabtanmu zaɓar ƙasar nan suka yi da hannunsu. Wannan ba abin a sani ba ne? Sannan kowa ya san ba Bajamushe ne ya ɗauko duwatsun nan a kansa ya hau tudu da su ba. Su wane ne suka ɗauko? A kan me? Hoton ya yi gum.

Ku lura kuma da kangon da ake zaɓa. Na Bature shi ake zuwa wa. Ga tsohon garin Muri can hayin Binuwai, inda Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa masarauta tun farkon ƙarni na 19, garin da Baikie ya kai wa ziyara da ya hauro kogin da jirgin ruwa a 1854. Ga Ibi, tsohuwar tashar Kamfanin Neja, wadda ta taɓa zama hedikwatar lardi. Ga Kona nan bayan ɗakinmu. A ƙarshen 1892 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci Kona da taimakon igwar wani Bafaranshe mai suna Mizon, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa, a 1893 kuma aka kafa Jalingo. Wannan gari da muke kwana muke tashi a cikinsa, daga wannan yaƙi ya fito. Labari ne mai ciwo ga maƙwabtanmu mutanen Kona, kuma ya kamata kowane ɗan unguwar nan ya san shi, don ya san yadda zai taka. Amma da yake wuraren nan ba su da gajimare a kwari, motar masu hoto ba ta ko rage gudu.

Na san wani zai ce, "Malam, ai kai ya kamata ka fi kowa murna. Hoton da ba mutum a ciki, ba shi ne malamai suka yarda da shi ba?" Gaskiya ne, a kan hoton dutse da itace da ruwa ba a samu wani saɓani ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan hoton mutum da kyamara kuwa malaman zamani sun yi saɓani, kowa da hujjarsa, ba kuma nan ne wurin warware shi ba. Amma halaccin abu daban, gaskiyarsa daban. Mudu halal ne, wanda ya lotsa gindinsa ya ci haram. Hoto shaida ne. Mai nuna shi yana cewa ne, "Na je, ga abin da yake can." In ya cire rabin abin da yake can da gangan, ya bar mai kallo ya zaci iyakarsa ke nan, to shaidarsa tana da rauni, ko da kuwa kowane dutse a ciki na gaske ne.

Game da kufai kuwa, muna da abin koyi. Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ashe zuwa kallon kango ba laifi ba ne, abin so ne ma. Amma kallon wa'aztuwa ake nufi. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bi ta Hijir, garin Samudawa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen nan sai dai in suna masu kuka, ya lulluɓe kansa, ya gaggauta har ya fita daga kwarin. Wurin nan yana nan a Saudiyya, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, yau kuma yana cikin inda masu kyamara suka fi tururuwa. Ban ce Gashaka ko Kona ƙasar azaba ba ce, Allah Ya kiyaye, hukuncin Hijir nata ne. Darasin da na ɗauka shi ne ladabi: inda mutane suka rayu suka mutu, ba a tsaya masa yadda ake tsayawa gaban labulen mai hoton sallah.

Ba kuma sai Musulmi ne ya gane wannan ba. A gaɓar tekun Ghana akwai gidan Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, daga baya ya zama ma'ajiyar bayi kafin a loda su a jirgi. In kyan hoto ake nema, ga farin gini, ga shuɗin teku, ga kwale-kwalen masunta masu launi. Amma masu jagora a can suna shiga da baƙo cikin kurkukun ƙasa, ya shaƙi duhun, ya ji abin da aka yi a ciki. Wanda ya fito daga nan, in ya ɗaga kyamara, hannunsa ba ɗaya yake da na ɗazu ba. Teku ɗaya, gini ɗaya, amma an sa masa nauyi a zuciya kafin ya danna. Mu a nan wa yake ɗora wa baƙonmu wannan nauyi?

Wataƙila wani ya ce duk wannan surutu a kan hoto? Ai ba a kan hoto ba ne kawai. Muna zaune ne a jihar da tambayar "ƙasar wa?" take cin rai. Mun ga abin da ya faru a Mambila a Yunin 2017, rayuka da dukiya suka salwanta, kuma gona da makiyaya suna cikin tushen maganar. Cikin gandun Gashaka-Gumti kansa akwai ƙauyuka irin su Filinga da Gumti da doka ta bar mutane suna zaune a ciki. Madatsar ruwan Mambila, wadda aka shafe fiye da shekara 40 ana maganarta, ranar da aka tashi yin ta da gaske gonakin mutane ruwa zai ci. Yanzu ka ɗauki mai kuɗi ko babban ma'aikaci a Abuja wanda bai taɓa zuwa ba, iyakar saninsa da wurin shi ne hotunan nan. Me zai ɗauka? Fili ne fetal ba mai shi. Wanda aka goge a hoto yau, gobe ba wuya a goge shi a takarda. Mu da ake kira baƙi a garin da aka binne kakanninmu, ai mun fi kowa sanin zafin a yi lissafin wuri a tsallake ka.

Idan kuma mutum ya samu shiga hoton, yawanci ba a matsayin mutum yake shiga ba. Ado ne, kamar tsuntsu a reshe. Ɗan Fulani da sanda a kafaɗa, an ɗauke shi daga nesa ya zama ɗigo, don a nuna girman dutse. Yarinya ɗauke da ƙwarya, an zuƙo fuskarta da dogon madubin kyamara ba ta sani ba. Ba suna, ba gari, ba izini. Wannan kuma ya fi gogewar muni. Ku auna da kanku: ka buɗe waya ka ga matarka ko 'yarka a bakin rafi tana wanki, dubban mazan da ba ka sani ba suna yaba kyanta. Yaya za ka ji? To, 'yar makiyayi da 'yar manomin Mambila su ma 'ya'yan wasu ne. Saboda haka kada a fahimce ni cewa ina kira a bi mutane da kyamara. Mai hoto ya yi sallama, ya gaisa, ya nemi izini, in an ce a'a ya haƙura. Ko da ba fuska ma, ana iya nuna cewa akwai mutane: hayaƙin madafa, kunyar dankali, shingen garke, sawun ƙafa a hanyar rafi. Kada dai a share su.

Masu sana'ar suna da tasu amsa, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce su hoton ƙasa suka zo ɗauka, su ba malaman tarihi ba ne, ba kuma 'yan jarida ba. Mai sayar da turare ba a tambayarsa gishiri. Na yarda, ba kowane hoto ne zai ɗauki kowane labari ba, kuma kallon halittar Allah don a ji sanyi a rai abu ne mai kyau. Amma layi ɗaya a ƙarƙashin hoto nawa ne kuɗinsa? Sunan ƙauyen daidai, sunan hawan, shekarar da aka yi ginin, wa ya yi, wa ya sha wuya. Sun iya kwana uku suna jiran gajimare, amma ba su iya zaman rabin sa'a da tsohon garin. Wani yaro na unguwar nan ya tuƙa wata ƙungiya kusan mako guda. Shi ya san inda ake tsayawa, shi ya yi musu tafinta da Hausa da Fulatanci, shi ya roƙar musu mai gari. Da hotunan suka fito, an gode wa kamfanin da ya ƙera kyamara, ba a ambaci yaron ba, sunan ƙauyen ma an rubuta na wani.

Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban, su ne ma suka tabbatar mini cewa abin mai yiwuwa ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai na mai fito ne a Kogin Donga, ƙasan Gembu. Ga dutse, ga gajimare, duk abin da sauran suke nema yana ciki. Amma a tsakiya ga kwale-kwale, an ɗora babur da buhunan masara, mai fiton ya tokare gora, jijiyoyin hannunsa sun miƙe. A ƙasa an rubuta sunan mashigin, da cewa ta nan mutanen hayi suke kai amfanin gonarsu kasuwa. Kyan bai ragu ba ko kaɗan. Ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ka san nauyin ruwan, ka san abin da rashin gada yake nufi. Sauran hotunan kana cewa "Masha Allah" ka wuce. Wannan kuwa sai ka tsaya.

To, mu me ya rage mana? Zagin baƙo ba zai gyara komai ba, baƙo raɓa ne. Kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: muna son su ci gaba da zuwa, direba ya samu, mai masauki ya samu, mai abinci ta samu. Amma a zamanin fatauci, ayari ba ya tashi sai da jagaba, kuma jagaba ba ɗan dako ba ne. Shi ne ya san rijiya, ya san sarki, ya san inda ba a kwana. Yaranmu masu mota da masu jin Turanci, ku shiga sana'ar nan a matsayin jagaba. Ku yi ciniki kafin a tashi, a rubuce, har da cewa za a ambaci sunanku. Ku koyi tarihin hanyar tun daga Sunkani da Garba Chede har Gembu. Ku je wurin tsofaffin Kona da na Gashaka da na Mambila ku ji daga bakinsu, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In an zo kango, ku ce a ajiye kyamara tukuna, ga abin da ya faru a nan. In an juya madubi wajen matan mutane, ku ce a'a, ko da za a ji haushi.

Ku kuma masu waya a hannu, ku daina jiran na Legas ya zo ya nuna muku jiharku. Kyamarar da take aljihunku ta ishe ku fara. Ku ɗauki kasuwar Jalingo da sassafe kafin a buɗe rumfuna. Ku ɗauki Mayo Gwoi a cike da damina, ku ɗauke shi a ƙafe da rani. Ku ɗauki tsofaffin zaurukan unguwar nan kafin a rushe su a yi shaguna, ku tambayi wa ya gina, daga ina ya zo, a wace shekara, ku rubuta a ƙasa. Gidajen da muke ciki yau su ne kangon gobe, kuma wata rana wani zai tsaya a kansu da kyamara. In ba mu bar masa suna da labari ba, shi ma jira zai yi rana ta yi ja, ya danna, ya wuce.

Hukuncina a kan hotunan nan a taƙaice: hannu ya ƙware, ido ya gani, amma ba a yi sallama ba. Sun hango Dala, ba su shiga birni ba. Allah Ya ba mu idon da yake ganin ƙasa da mutanenta tare, Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.